Sai da Ruwan Ciki Ake Jan na Rijiya

Asabar, wani ƙauye arewa da Agye

Na baro Maraɗi da hantsi, hazo ya rufe gari, kowa a tasha ya naɗe kunnuwansa. A jakata akwai kaya kala uku, da goro da sabulun tsarabar Gwaggo, da ƴar na'urar awon jini da na saya wata biyu da suka wuce. Ranar da na saye ta, kaina ne ya dinga sarawa a aji har rubutun allo ya koma bibbiyu, aka kai ni likita, aka ce tansiyona sha shida bisa goma. Haka muke faɗi a nan, a takardun Najeriya kuwa 160 bisa 100 za a rubuta. Daga sha huɗu bisa tara ake kiransa hawan jini. Likitan ya rubuta magani, ya ce in rage gishiri, sannan ya tambaye ni yaushe rabona da tafiyar rabin awa a ƙasa. Na rasa amsa. Shekarata 46, ashirin daga ciki a lakwal nake koyarwa. Kabu-kabu ke ɗaukata daga ƙofar gida zuwa ƙofar aji, inji ke yi mini niƙa, famfo yana tsakar gida.

Da hutun ƙarshen Disamba ya zo, na ce bari in zaga dangi, in ga yadda matan da muka tashi tare suke fama da jikinsu. Mun wuce Caduwa, muka sauka Agye bayan azahar, amalanken shanu ya ƙarasa da ni. Gwaggo ta tarbe ni da fura a ƙwarya, ta kama damtsena ta ce, "Ɗiyata, birni ya karɓe ki." Yabo take yi da zuciya ɗaya, don a nan ƙiba shaidar hutu ce da miji nagari.

Lahadi

Ƙarar taɓarya ce ta tashe ni tun kafin assalatu. Amarya ce, matar ɗan Gwaggo. Har yau da sunan ake kiranta, ga ƴaƴa huɗu, ita kuwa ba ta cika talatin ba. Na ce yau zan bi ta da agogo a hannu.

Sussuka ta fara, ta sheƙe, ta yi surfe, ta wanke, ta koma ga ribɗi da tankaɗe, sannan dahuwa da kirɓi. Tiya biyu na gero sun ci mata fiye da awa biyu a tsaye, taɓarya na hawa tana sauka. Daga nan sai rijiya. Bidon da take ɗauka lita 25 yake ci, wato kilo 25 a kan gammo, ga goyo a baya, sawu huɗu cikin yashi mai nutsa ƙafa. Sai wajen ƙarfe sha ɗaya na ga ta kai wani abu baki, shi ma fura ce da ruwa ya fi dawo yawa, bayan maigida da yara sun sha mai kaurin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki a mako. Amarya ta cika na makonta kafin azahar ta rana guda.

A bakin rijiya na gaya wa mata abin da likita ya ce mini. Wata ta miƙo igiya ta ce, "To Madam, ga guga." Na ja uku na tsaya, numfashi ya ƙi isata. Abin ya ba ni tsoro, don ina budurwa a wannan rijiyar nakan ja ashirin ina hira. Ban gama mayar da numfashi ba na ga Amarya ta zauna a kan kututture ta dafe goshi. Jiri, in ji ta, kullum haka yake yi mata a sawu na uku, ba komai ba ne. Na ja fatar idonta ta ƙasa, fari fat. Tafin hannunta ma haka. Da muka koma gida na ɗaura mata na'ura: jininta bai hau ba, goma bisa shida, amma zuciyarta na bugawa 110 a minti ɗaya alhali tana zaune. Gwaggo na kallonmu daga bakin ɗaki ta ce, "Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya."

Daren nan na kasa barci ina juya maganar. Masu cewa matan ƙauye ba ruwansu da zancen motsa jiki, tunda aiki ya ishe su, rabin gaskiya suka faɗa. Wahala daban, motsa jiki daban. Aikin ƙarfi yana gina jiki in akwai abinci da hutu a bayansa, in babu kuwa cin jikin yake yi kamar gara. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2012 ya nuna kusan mata 46 cikin 100 masu shekarun haihuwa a Nijar suna da ƙarancin jini, kuma a jihar Maraɗi mace kan haihu fiye da sau takwas in aka yi raba-daidai. Kowace haihuwa da jinin da take tafiya da shi, kowane goyo da abin da yake tsotsa. Ni da Amarya ciwo biyu ne a gida ɗaya: ni zama ya yi mini yawa, ita kuma ba ta san zama ba.

Litinin

Da sassafe na bi mata itace, kuma a nan na ga abin da ya faranta mini rai. Ina yarinya, bayan farin 1984, gonakin nan fili ne fetal, Gwaggo kan yi rabin yini tana neman abin hura wuta, ta dawo da kara da kashin shanu. Yau ko'ina ka duba gawo ne da kalgo da sabara da aduwa a tsakiyar gona. Sassaben zamani ya kawo haka: manomi ya bar tohon kututture, ya zaɓi masu ƙarfi ya sassabe sauran, itace ya tashi ba tare da an dasa ba. Garin Ɗan Saga da ke nan ƙasar Agye ya yi suna a kan wannan har baƙi daga ƙasashen waje suna zuwa gani. Ana yawan lissafa amfaninsa da damman gero. Ni da wuyan mata na lissafa shi, don cikin awa ɗaya muka dawo da itacen kwana biyu.

Da yamma na zauna da ɗan Gwaggo a gindin rumbu. Taubashina ne, abin da wata ba za ta iya faɗa masa ba ni ina iya faɗa. Na tambaye shi me ya noma bana. Gero, wake, riɗi, da aya, wadda ƙasar nan ta shahara da ita. Na ce ina waken? An sayar. Riɗin fa? An sayar. Jajayen awakin nan uku da ke turke, wa ke shan nonon? Ya ce yara.

Na ce, "Yaya, maganin jirin matarka a gonarka ya tsiro, ka ɗora shi a amalanke ka kai kasuwa."

Na yi masa bayani yadda nake yi wa ɗalibaina. Jini yana bukatar sinadarin ƙarfe, kuma akwai shi a wake, da riɗi, da zogale, da daddawa, ya fi yawa a hanta da nama. Jiki ya fi tsotsarsa in an haɗa da garin ƙwallon kuka ko tumatir ko lemun tsami, shayi kuwa in an kora da shi a kan abinci tare shi yake yi. Akwai ma irin gero da ake kira Chakti, da aka fitar a Nijar a 2018, wanda ƙarfensa ya fi na geron da muka saba, ga saurin nuna. Ya saurara, ba musu. Ya ce shi dai ya ɗauka raki ne irin na mata. Kafin magariba ya yi alkawari biyu: zai ware tiya goma na ɗan waken da bai kai kasuwa ba don tukunyar gida, kuma tunda shanun ba su da aiki da rani, babban ɗansa zai riƙa kai biduna rijiya a amalanke. Na biyun ya fi mini daɗi. Dabbobi na kwance a inuwa, mace na ɗaukar kilo ɗari a ka kowace safiya, wannan ba talauci ne ya jawo shi ba, rashin lura ne.

Talata

Mun kai Amarya likita a Agye. Ashe ciki ne da ita, wata huɗu, ba ta faɗa wa kowa ba saboda kunya, ga na bayanta bai cika shekara biyu ba. Ungozoma ta auna ta, ta ba ta ƙwayoyin ƙarin jini na sha kullum, da maganin rigakafin zazzaɓin sauro, ta rubuta mata ranar dawowa. Tun 2006 gwamnati ta ce awon ciki kyauta ne. Ungozomar ta gargaɗe ta kada ta bar ƙwayar don ta ga bayan gida ya yi baƙi, haka maganin yake. Ta kuma nuna mata yadda ake ɗaga kaya: a durƙusa, gwiwa ta ɗauki nauyin, a nemi mai ɗorawa, kada a sunkuya a fizgo da ƙugu. A hanyar dawowa Amarya ta yi barci a kafaɗata cikin amalanke, rana tsaka.

Laraba, Gazawa

Gazawa a da ƙarƙashin Agye take, sai a 2011 ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Garin yana kan babbar hanyar kwalta mai zuwa Tasawa da Damagaram, kusa da Gulbin Kaba, inda goruba ta yi yawa har gulbin ya ci sunan ganyenta. Gidan Yaya na sauka, wadda nake bi.

Nan wata duniya ce. Yaya ba ta fita, sana'arta a cikin gida take: tana sayen gyaɗa, ƴan aiki su kai inji, su matse mai, su toya ƙuli-ƙuli, ita tana kan tabarma tana lissafi. Maƙwabtanta biyu sun shigo da kabarsu, suka zauna saƙa tun hantsi har la'asar, ba wadda ta miƙe sai don salla. Ƴar butar shayi ba ta sauka daga kan gawayi ba, kowane zagaye da sukarinsa. Na leƙa madafa lokacin haɗa miya, na ƙirga dunƙulen magi shida, ga gishiri, ga kanwa. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda babba ya ci na gishiri a yini bai kai giram 5 ba, ƙaramin cokalin shayi ke nan, kuma dunƙulen nan kusan rabinsa gishiri ne.

Na fito da na'ura kamar wasa, sai ga layi. Mata bakwai na auna, huɗu sun haura sha huɗu bisa tara. Yaya sha bakwai bisa goma. Awo ɗaya ba ya yanke hukunci, na gaya musu, sai an maimaita a likita, amma cikinsu ba wadda aka taɓa aunawa in ba a awon ciki ba, ita Yaya kuwa autanta ya shekara goma sha biyu. Ta ce ita lafiyarta lau, ba ta jin komai. Na ce, "Yaya, haka Inna ta ce har ranar da ta faɗi a bakin murhu." Muka yi shiru mu biyu. Mahaifiyarmu ta yi shekara uku a kwance da shanyewar ɓarin jiki, a lokacin aka ce iska ce ta buge ta.

Wani abu ya ƙara tayar mini da hankali. Wata budurwa da za a yi wa aure bayan salla ta nuna mini ƙwayoyin da ta saya a tebur don ta yi jiki kafin biki. Irin maganin nan ne da likitoci ke bayarwa don asma da kumburi, wanda in an daɗe ana sha yake tara ruwa, fuska ta yi fam, ya jawo hawan jini da ciwon sukari, ya raunana ƙashi. Na roƙe ta ta kai su likita a nuna mata yadda za ta rage a hankali, don wanda ya daɗe a kansa ba a son ya yanke rana ɗaya. Laifin ba nata ba ne ita kaɗai. Mu ne muke kama damtsen ƴaƴanmu muna yaba kauri.

Alhamis

Yau ranar zubin asusu ce a gidan shugabar matan unguwa. Irin ƙungiyoyin nan ne na Mata Masu Dubara, waɗanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, daga nan tsarin ya bazu ƙasashe da yawa. Yaya ta saba aika yarinya da kuɗinta. Na ce yau da ƙafarmu za mu, maigidanta ya yarda. Tafiyar ba ta wuce minti goma sha biyar ba, sau biyu tana tsayawa ta dafa bango.

A ƙofar gida maza sun kewaye rediyo suna sauraron kokowa. Tun 1975 ake gasar kokowa ta neman takobin ƙasa, kuma ɗan Maraɗi ne, Kantu, ya fara ɗaukarsa. Namiji yana da kokowa, yana da ƙwallo, yana da langa tun yana yaro. Mace fa? Muna da gaɗa a dandali, muna da tsallen igiya, muna guje-guje da farin wata har a kira mu barci. Ranar da aka ɗaura aure, ranar aka naɗe wannan tabarmar, wata tun tana shekara goma sha huɗu.

Bayan an rufe akwati shugaba ta ba ni dama. Wata ta ce ita tana jin kunyar a gan ta tana zagaye kamar marar aikin yi, wata ta ce ko addini zai yarda. Malamar Islamiyyar da ke cikinmu ce ta amsa, ta tuna musu Abu Dawuda ya ruwaito cewa Nana A'isha ta yi tseren gudu da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har sau biyu. Sai wata tsohuwa ta tashi ta sa sakata a ƙofar zaure, ta fara tafi. Ban san wadda ta fara faɗawa hannun ƴan'uwa ba, na dai ga an yi da'ira, ana cafewa ana tashi. Minti ashirin aka yi, zufa ta jiƙa kowa cikin sanyin nan, Yaya na haki tana dariya har da hawaye. Sun yanke cewa duk ranar zubi haka za a riƙa yi kafin a watse, kuma za su fitar da kuɗi daga asusu su sayi na'urar awo guda ta ƙungiya.

Juma'a, Tsibiri

Yini a mota, Gazawa zuwa Maraɗi, Maraɗi zuwa Tsibirin Gobir. Da la'asar na taka zuwa lambunan bakin gulbi na dawo, minti arba'in, gwiwa ba ta dame ni ba. Zogale ko'ina, mata na tsinka suna cika buhuna. Na ci kwaɗonsa da ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir, na ce kada a sa mini dunƙule, kuma bai rasa komai ba.

Asabar, Gidan Rumji

Ɗiyar ƙanwata ce ta haihu, yau kwana goma sha tara, na zo barka tunda suna ya wuce ni. Na same ta ta fito daga wanka, jikinta na tururi. Safe da yamma ake tafasa ruwa a babbar tukunya, a tsoma ganyen bedi a fyaɗa mata, ta fito ta shanye kwanon kunun kanwa. Kakar mijinta ke tsaye a kan wannan, kuma da ƙauna take yi.

Ba na cikin masu zagin jego. Kwana arba'in ɗin nan su ne kaɗai hutun da macen ƙauye take samu a rayuwarta: ba daka, ba rijiya, ga kauri da tuwo mai zafi ana kawo mata har gado. Matan da ake tayarwa aikin ƙarfi kwana bakwai da haihuwa sun fi shiga haɗarin zazzagowar mahaifa daga baya. Da za a tambaye ni, hutun da naman a ƙara su. Kanwar da zafin ruwan ne abin tsoro. Kanwa ƴar'uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki a lokacin da ba ta gama farfaɗowa daga ɗaukar ciki ba. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka yi rubutu a kan yawan ciwon zuciyar masu jego a ƙasar Hausa, suka danganta shi da kunun kanwa da gasa jiki. Binciken da aka yi a Kano daga baya ya nuna akwai wasu dalilan, irin su rashin abinci mai gina jiki da hawan jinin ciki, amma ba likitan da zai ce wa mai jego ta ƙara kanwa.

Na danna ƙafar yarinyar da yatsa, gurbin ya zauna bai taso ba. Na tambaye ta yadda take barci, ta ce sai ta jingina da bango, in ta kwanta tari ke taso mata. Gabana ya faɗi. Na durƙusa gaban tsohuwa na ce, "Inna, alfarma na zo nema. A ba ni ita mu je likita yanzu."

Ta ce, "Ƴar nan, haihuwa goma sha ɗaya na yi, duk da kanwa na yi jego. Ɗanyen jiki ne, in ba a gasa shi ba sanyi ya shige ta."

Na ce, "Gaskiya ne Inna, Allah ya ba ki ƙarfi. Cikin waɗanda kuka yi jego tare, ba wadda ta kumbura?"

Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ambaci ƙanwarta, wadda ta rasu kafin ta yi arba'in, ƙafafu kamar turmi. Ta tashi da kanta ta ɗauko wa yarinyar mayafi.

An riƙe ta a asibiti, an sa mata maganin da ke fitar da ruwa, an ce gobe za a tura ta Maraɗi a duba zuciyar. Likitan ya ce a ci gaba da ba jariri nono, a dakatar da kanwa, wanka kuma da ruwa mai ɗumi. Tsohuwar ce ta kwana a wurinta.

Lahadi, Maraɗi

Mun iso tare da mai jego da safe, an karɓe ta, numfashinta ya fi na jiya sauƙi. Daga asibiti na taka zuwa gida, minti talatin da biyar, masu kabu-kabu na yi mini oda ina ɗaga musu hannu. Na huta na auna: sha huɗu bisa tara, ina kuma kan shan maganina, ba zan bari ba sai likita ya ce. Ɗan Gwaggo ya kira da yamma ya ce amalanke ya fara zuwa rijiya tun Laraba, har maƙwabta biyu sun roƙi a haɗa da bidunansu. Yaya ta ce gobe za ta je a sake auna ta.

Mai karatu, in akwai mace a gidanka, matarka ce ko ɗiya ko uwa, ka ja fatar idonta ta ƙasa ka duba yau, ka danna ƙafar mai jego, ka tambayi wadda ta haura arba'in yaushe rabonta da awon jini. In amsar ba ta kwanta maka ba, ka raka ta likita cikin makon nan.